Tsawon Tsirkiyar Jitar Bes: Gajeren Saiti, Matsakaici, Dogo Ko Mai Ƙarin Tsawo?

Wanda ya tashi sauya tsirkiyoyin jitar bes yakan fara da tambayar kauri, 45 zuwa 100 ko 50 zuwa 105, wato lambar tsirkiya mafi siranta zuwa ta mafi kauri a saitin, sai ya tsallake wata 'yar kalma da ke gefen kwali, alhali ita ce za ta yanke hukuncin ko saitin zai hau jitar ko ba zai hau ba. Kamfanoni suna raba tsirkiyar bes gida huɗu, kuma a jikin kwalin za ka ga an rubuta Short, Medium, Long, ko Super Long, wasu kuma su ce Extra Long, wato gajere, matsakaici, dogo da mai ƙarin tsawo. Kuskure a nan asara ce tsantsa, domin babu mai shagon da zai karɓi tsirkiyar da aka riga aka yanke.

Abin da ke rikita mutane shi ne tsawon iri biyu ne, kuma sunansu ɗaya a bakin 'yan kasuwa.

Na farko shi ne zangon jitar kanta, wato tazarar da ke tsakanin nat, ɗan ƙashin nan mai tsaga-tsaga da ke ƙarshen wuya, da sirdi, ɗan ƙarfen da kowace tsirkiya ke kwanciya a kansa a kan jaki, wato abin da ke tokare tsirkiyoyi a jikin jita. Wannan ne ɓangaren da ke kaɗawa ya ba da murya. Don sanin zango, auna daga gefen nat zuwa tsakiyar ƙarfen firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, ana ƙirga su daga nat), ka ninka biyu: inci 17 na nufin zango 34, inci 15 kuma zango 30. Kada ka auna kai tsaye zuwa jaki, saboda kowace tsirkiya sirdinta yana wuri daban.

Na biyu shi ne tsawon naɗi. Tsirkiyar bes waya ce siririya a ciki, an naɗe ta da wata wayar sau ɗaya, biyu ko fiye har ta yi kauri. A tsirkiyoyi masu kauri, E da A da B (kowace tsirkiya ana kiranta da harafin muryarta: E, A, D, G daga mai kauri zuwa siririya, mai biyar kuma ta ƙara B), naɗin waje ba ya kaiwa ƙarshe. Akwai inda yake tsayawa tsirkiyar ta tsuke, wani lokaci an rufe wurin da zaren alharini mai launi. An yi haka ne don siririn ɓangaren ya iya shiga ramin turke, ɗan ƙarfen da ke kan jita da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, ya zagaye shi. Tazarar da ke tsakanin ɗan zoben gindi da wannan matsuka ita ce ainihin abin da kake saya. Sunan da ke kan kwali alama ce kawai.

Ma'aunan zaɓi

Dacewa ce gaba da komai. Dole matsukar ta faɗo tsakanin nat da turken tsirkiyar, kuma wurin ba shi da faɗi. A jita mai kai irin na kamfanin Fender, inda turaku huɗu ke jere gefe guda, tazarar nat zuwa turken E kimanin inci biyu ce kacal. Idan naɗin ya gaza kaiwa nat, siririn ɓangaren ne zai zauna a tsagar da aka yanka don mai kauri: tsirkiya ta nutse, ta taɓa firet na farko, ta riƙa zuza duk lokacin da aka kaɗa ta a sake. Idan kuma naɗin ya zarce turke, kaurin gaba ɗaya ne zai lanƙwashe a kan ɗan ƙarfe, wayar ciki ta sha wahala, wani lokaci ta tsinke tun ba a gama ɗaurewa ba.

Sai hanyar da tsirkiya ke shiga jaki. Wasu jitocin ana maƙala zoben a bayan jaki, inci ɗaya ko ɗaya da rabi daga sirdi. Wasu kuma tsirkiyar takan shigo ta bayan jita, ta ratsa katako ta fito, wanda ke cinye ƙarin inci ɗaya da rabi zuwa biyu. Akwai kuma masu ƙarfen wutsiya da ke nesa da jaki. Jita biyu masu zango ɗaya suna iya buƙatar saiti daban saboda wannan kaɗai.

Irin naɗin ma yana da tasiri. Mai gurzau, wadda aka naɗe da zagayayyar waya, tana da haƙurin lanƙwasa. Mai sulɓi, wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗen ƙarfe kamar ƙyalle, ba ta da shi: da zarar kaurinta ya hau turke, naɗin yakan buɗe ya rabu da wayar ciki.

Daga nan sai farashi, samuwa da ƙarko. A kasuwannin Amurka saitin tsirkiya huɗu mai gurzau daga manyan kamfanoni yakan kama wajen dala 20 zuwa 30, mai sulɓi kuma daga dala 40 zuwa sama. Tsawo ba ya sauya farashin sosai. Inda kuɗin ke tafiya shi ne kuɗin jigila da jira, idan girman da kake nema babu shi a kusa.

Yadda za ka auna kafin ka fitar da kuɗi

Ana buƙatar alƙalami mai tawadar da ba ta gogewa da tef ɗin tela. Tun tsohuwar tsirkiya mafi kauri tana ɗaure, E a mai huɗu ko B a mai biyar, sa mata alama daidai inda ta fito daga nat ta ɓangaren kai. Sa alama ta biyu inda ta fara taɓa turke. Kwance ta, ka miƙar da ita a kan tebur, ka auna daga cikin zobe zuwa kowace alama. Yanzu kana da lamba biyu. Tsawon naɗin da za ka saya dole ya fi ta farko da aƙalla rabin inci, kuma kada ya kai ta biyu.

Idan jitar ta zo ba tsirkiya, ɗaura siririyar waya a tsinken ashana, ka zura ta ta ramin da zobe ke zama, ka bi da ita kan sirdi zuwa nat, ka ja ta da ƙarfi kafin ka sa alama. Zare ba ya yi, domin yana miƙewa ya ba da awon ƙarya.

Rabon da ke ƙasa yana bin tsarin kamfanin tsirkiya na D'Addario, wanda ya fi yaɗuwa. Sauran kamfanoni suna bambanta da rabin inci zuwa inci guda, har akwai waɗanda dogon saitinsu ya zarce inci 37.

| Saiti | Awo daga zobe zuwa nat | Jitar da ya fi hawa | Samuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gajere | har zuwa inci 32 | zango 30, zobe a bayan jaki | ƙaranci | ya gaza a jita mai ratsa katako |
| Matsakaici | inci 32 zuwa 34 | zango 32, ko zango 30 mai ratsa katako | ya fi kowane wuya | a ɗauka dogo zai maye gurbinsa |
| Dogo | inci 34 zuwa 36 | zango 34, zobe a bayan jaki | ko'ina | jabu, da gazawa a zango 35 |
| Mai ƙarin tsawo | inci 36 zuwa 38 | zango 35, ko zango 34 mai ratsa katako | matsakaiciya | kauri ya hau turken E a zango 34 |

Dogon saiti

Tun da Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951 da zangon inci 34, wato santimita 86.4, wannan awon ya zama abin da kowa ke bi. Jazz Bass ta 1960, da StingRay ta Music Man ta 1976, da jerin TRBX na Yamaha da SR na Ibanez duk a kansa suke, haka ma mafi yawan kwaikwayon da ake ƙerawa a Sin da Indunusiya. Rickenbacker 4003 zangonta inci 33.25 ne, amma ita ma dogon saiti take ɗauka.

Ta fuskar sauƙi babu wanda ya kamo shi. Kowane kauri, kowane irin ƙarfe, mai rufin roba ko marar rufi, akwai shi a dogo. Idan ka shiga shagon kayan kiɗa ka ce a ba ka tsirkiyar bes ba tare da ƙarin bayani ba, dogo za a miƙo maka. Idan G ta tsinke ana gobe biki ko ibada, a wannan girman ne kawai kake da kyakkyawan zaton samun madadi a ranar.

Haɗarinsa biyu ne. Shi ne girman da masu jabu suka fi kwaikwaya, saboda shi aka fi saya. Tsirkiyar jabu takan yi tsatsa da wuri, naɗinta ba ya tafiya daidai, kuma muryarta a firet na 12 ba ta daidaita ko ya aka juya sirdi. D'Addario na buga wata lamba a ledar ciki da za ka iya tantancewa a shafinsu na intanet, kuma ya kamata a yi amfani da ita. Haɗari na biyu shi ne jitar zango 34 da ake ɗaurewa ta bayan katako, inda awon kan kai inci 36 ko ya ɗan wuce. A nan dogon wani kamfani ya isa, na wani ya gaza. Jitoci da dama na Fender ƙirar Amurka suna da hanya biyu a jaki ɗaya; idan saitin ya gaza ta baya, maƙala zoben a bayan jaki, ka samu rarar kusan inci biyu.

Gajeren saiti

Jitar zango 30 tana da nata masoya, kuma da dalili. Tazarar firet na 1 zuwa na 4 a zango 34 ta kusa santimita 13, a zango 30 kuma ba ta wuce 11.4 ba. Ga yaro, ko mai ƙananan yatsu, ko wanda ya taso daga jita mai tsirkiya shida, wannan santimita ɗaya da rabi shi ne bambancin kiɗa cikin natsuwa da ciwon wuyan hannu. Squier Bronco da Fender Musicmaster zangonsu 30 ne, Gibson EB-0 da EB-3 kuma 30.5, kuma dukkansu gajeren saiti suke ɗauka. D'Addario na ƙara harafin S a ƙarshen lambar saiti, kamar EXL170S; Rotosound ma haka, RS66S.

Abin lura shi ne tsauri. Da kauri ɗaya da murya ɗaya, tsirkiya a zango 30 tana da sassauci da kusan kashi 22 cikin 100 idan aka gwada da zango 34, saboda ƙarfin ja yana bin zango ne ninki cikin kansa. Shi ya sa E mai kauri 100, wadda ke tsaye daram a doguwar jita, takan yi laƙwas a gajeriya, ta riƙa dukan firet idan an kaɗa da ƙarfi. Maganinsa E mai kauri 105 ko 110. Kafin ka ɗaure, gwada ko za ta zauna a tsagar nat ba tare da matsewa ba. Idan ta cije, a faɗaɗa tsagar da ƙaramin zarto a hankali, a taɓa gefe kawai, kada a zurfafa ƙasan. Tilasta ta yakan fasa gefen nat na roba.

Akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu, cewa sa dogon saiti a gajeriyar jita zai ƙara mata tsauri. Ba ya ƙarawa. Abin da ya wuce nat ba ya cikin lissafi. Zango, nauyin tsirkiya da muryar da aka ɗaure ta su ne kawai ke yanke tsauri.

To, idan gajeren saiti ya gagara samuwa, a sa dogo? Da mai gurzau, a jita mai manyan turaku irin na Fender, sau da yawa yakan yi, duk da cewa E tana cikin haɗarin tsinkewa kuma kaurinta ba lallai ya shiga ramin turke ba. D da G ba su da matsala, don galibi ba su da matsuka. Da mai sulɓi kuwa, kada a gwada. Tsirkiya ce da za ta iya shekaru tana aiki, kuma abin takaici ne a kashe ta a daren farko.

Matsakaicin saiti

Wannan ne girman da aka fi jahilta, alhali yana warware matsala fiye da yadda sunansa ya nuna. Jitocin zango 32 na gaske ba su da yawa: wasu ƙirar Fender na Japan, da Squier Affinity Jaguar Bass H. Amma yawancin masu buƙatar matsakaici suna riƙe da jitar zango 30 ne ba su sani ba.

Misali na farko Fender Mustang Bass, wadda ta fito a 1966. Zangonta 30, amma a ƙirarta ta asali tsirkiya ta bayan katako take shigowa, don haka awon zobe zuwa nat ya haura inci 32. Mai ita ya karanta cewa gajeriya ce, ya sayi gajeren saiti, ya ɗaure, sai ya ga zaren alharini kwance a kan nat har ya leƙo wajen firet na farko. Na biyu Höfner 500/1, mai siffar goge irin na Turawa, wadda Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ya shahara da ita. Zangonta kusan 30 ne, amma zoben yana maƙale a ƙarfen wutsiya can bayan jaki. Ƙari a kan haka turakunta ƙanana ne ƙwarai, kusan irin na jita mai shida, don haka ko tsawon ya yi, sai ƙarshen tsirkiyar ya kasance siriri sosai kafin ya shiga rami. Kamfanin La Bella na yin saiti musamman don kowacce: 760F-MUS don Mustang, 760FHB2 don Höfner. Sun fi tsada, amma a waɗannan jitoci biyu su ne zaɓin da ba ya buƙatar caca.

Raunin matsakaici samuwa ne. Zaɓin kauri kaɗan ne, kuma a yawancin wurare sai an yi oda. Wanda jitarsa ke buƙatarsa ya sayi saiti biyu a tashi ɗaya, ya ajiye na biyun a ledarsa ba tare da buɗewa ba, musamman da damina, lokacin da danshi ke saurin kama ƙarfe.

Mai ƙarin tsawo

Tsirkiyar B ta jita mai biyar tana kaɗawa sau 31 kawai a daƙiƙa, E kuma sau 41. Don B ta tsaya da ƙarfi muryarta ta fito sarai, wasu masu ƙira suka ƙara zango zuwa inci 35, wanda ke ƙara tsauri da kusan kashi 6 cikin 100. Jerin BTB na Ibanez da masu biyar na Lakland suna cikin waɗannan. Sai dai ba kowace mai biyar ce zango 35 ba; StingRay 5 da Jazz Bass mai biyar suna nan a 34, dogon saiti mai biyar ya ishe su.

A zango 35 mai zobe a bayan jaki, awon yakan tsaya wajen inci 36 zuwa 36.5, kan iyaka ke nan. A mai ratsa katako kuwa yakan kusanci 38, kuma mai ƙarin tsawo ne kawai zai kai. Farashinsa ya ɗan ɗara na dogo, kuma ya fi matsakaici sauƙin samu. Kuskuren da ake yi da shi shi ne saye don "ya fi tsawo, ba zai gaza ba", sannan a sa shi a zango 34 mai zobe a bayan jaki. Naɗin inci 38 a jitar da awonta 35.5 ne zai kai kaurin E kan turke.

Jitoci masu karkatattun firet, irin na Dingwall inda B ke kaiwa inci 37 G kuma 34, sun fita daga wannan rabo gaba ɗaya. Saitin da aka yi dominsu ake nema. Haka marasa kai irin na Steinberger, waɗanda ke amfani da tsirkiya mai zobe a kowane ƙarshe.

Wajen yanka da ɗaurewa

Ko an sayi daidai, hannu na iya ɓata shi. Zura tsirkiya, ka miƙar da ita ta wuce turkenta, ka bar rarar inci 3 zuwa 4, abin da zai ba da zagaye biyu zuwa uku. Kafin ka yanke, lanƙwasa ta da filaya ta yi kusurwa sosai, sannan ka yanke rabin inci bayan lanƙwasar. Wannan dole ne a tsirkiya mai zagayayyar wayar ciki, irin Hi-Beams da Sunbeams na DR, domin idan an yanke ta a miƙe naɗin yakan saki, muryar ta mutu nan take. Cusa ƙarshen cikin ramin turke, ka juya makulli, kowane zagaye ya sauka ƙasan na baya. A kai irin na Fender, ba wa A zagaye uku cif ko fiye, saboda ba ta da abin danna ta ƙasa, kuma sai ta sauko sosai take zama daram a nat.

Idan saitin ya fi tsawo da ɗan kaɗan, ko alharinin gindi yana hawa sirdi kamar yadda yake yawan faruwa a jakin Gibson, yanko zoben tsohuwar tsirkiya ɗaya ko biyu ka zura su a sabuwar kafin ka sa ta a jaki. Suna ja da tsirkiyar baya da 'yan milimita. Wanda ya gaza kuwa ba shi da dabara.

Saitin tsirkiya huɗu yana jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, don haka duk sauyin kauri yana sauya lanƙwasar wuya. Danna E a firet na farko da na ƙarshe, ka duba ratar da ke ƙarƙashinta a firet na 8: kimanin milimita 0.3 ake so, kaurin katin kasuwanci. Idan ta wuce ko ta gaza, juya ƙarfen cikin wuya rubu'in zagaye, ka bar shi ya kwana kafin ka ƙara. Da hunturu katako yana bushewa, ratar na iya sauyawa ko ba a taɓa tsirkiya ba.

Wanne ne naka

Mai jitar zango 34 da ake maƙala zobe a bayan jaki, wanda shi ne mafi rinjaye a coci, a situdiyo da wajen biki, ya sayi dogo mai gurzau 45 zuwa 105 daga wurin da ya amince da shi. Idan ta bayan katako yake ɗaurewa kuma awonsa ya wuce inci 36, ko dai ya koma bayan jaki in akwai hanyar, ko ya sayi mai ƙarin tsawo.

Mai saya wa yaro ko mai koyo Bronco ko makamanciyarta, gajeren saiti mai E 105, kuma ya haɗa biyu tun farko. Mai Mustang ta asali ko Höfner, matsakaici ko saitin da ke ɗauke da sunan jitar. Mai son taushin murya irin na tsoffin faya-fayai, wanda ba ya son sauya tsirkiya duk bayan 'yan watanni, mai sulɓi ce tasa, da sharaɗin ya auna lambobin nan biyu kafin ya biya. Mai jita mai tsirkiya biyar kuma ya fara da auna nat zuwa firet na 12: idan ya ga inci 17 dogo ne, idan ya ga 17.5 ya nemi mai ƙarin tsawo.